Ranar da Na Zagi Ƙanwata

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya naɗe tabarmata ya kai ta bukkar samari da ke bayan gidanmu, gindin mangwaro. Lupe tana da shekara shida a lokacin. Tun daga ranar ban sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ita ba. In tana ɗaki, ba na shiga. In na dawo daga kamun kifi na ga ta shanya kayanta a igiya, sai in zaga ta baya. Kifin da ya fi kyau nata ne, doyar farko da na haƙa a gona tata ce. Wanda duk ya yi ashar tana kusa, ko dai in bar wurin ko in fasa masa baki. Haka kowane namiji a tsibiranmu na Ha'apai yake tashi da 'yar'uwarsa. Ko ita ce ƙarama, tana gaba da kai. Ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba, alfahari ma nake yi da shi.

Na shiga soja ina da shekara ashirin, na koma babban tsibiri. Bayan shekara tara na zama kofur mai horar da kurata, kuma duk barikin an san ni da baki. In na buɗe murya a filin fareti, masu dafa abinci ma sai sun leƙo su ji sabon zagin da na ƙirƙiro. A da mata daban ake horar da su, can gefe, ƙarƙashin wata saje mace, daga nan a kai su ofis ko asibiti. A wannan shekarar aka ce an daina. Mace da namiji rukuni ɗaya, gudu ɗaya, bindiga ɗaya, ɗakin kwana kawai ya raba su.

Saje Maka, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, shi ya miƙo mini takardar sunaye yana ƙunshe dariya.

"Kelepi, duba na talatin da bakwai."

Maza talatin da huɗu, mata shida. Na talatin da bakwai Lupe ce. Ba wanda ya gaya mini ta nemi shiga soja. Na san dai tana sayar da tikiti a tashar jirgin ruwa, kuma na san babu yarinyar da take kamo ta a gudu duk tsibirinmu.

Na tafi wurin kyaftin ɗinmu na ƙame na sara masa, na ce a sauya mini rukuni.

"Masu horarwa huɗu gare ni, Kofur, ɗaya yana kwance da karaya. Rukunin kuma ɗaya ne bana. Ina zan kai ka?"

"Yallaɓai, ƙanwata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"A ƙasar nan wa ba ɗan'uwan wani ba ne? In na bi wannan sai mu rufe barikin. Mako goma sha biyu ne. In ta sa kaki kurtu ce, shi ke nan."

A ƙasar waje ya yi karatunsa na hafsa. Amma da na juya zan fita, na ga shi ma ya kasa kallon idona.

Ranar da suka iso aka jera su a fili da kayan gida. Na fito da sandata a hammata kamar kullum, na ja numfashi zan fara, sai na hango ta a sahu na biyu, ta tufke gashinta tamau, idonta a gaba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Barkanku da zuwa." Saje Maka ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Haka aka yi mako huɗu. Bakina ya mutu. Ko namiji ne ya yi shirme ba na iya zaginsa, don tana ji. In ana duba kaya, sai in bi sahu ina ƙwanƙwasa maɓalli, ina shafa haɓar maza in ji ko sun yi aski, in na zo kanta sai ƙafata ta wuce da kanta. In hularta ta karkace, sai in ce da na kusa da ita, "Kai, gaya wa na damanka ya gyara hula." Ban taɓa sa ta tsallen kwaɗo ba. Ban taɓa kiran sunanta ba.

Kurata ba makafi ba ne. Akwai wani Siale, ɗan tsibirin Vava'u, dogo mai kunnuwa fato-fato, wanda ko a jana'iza sai ya sa mutane dariya. Shi ya laƙaba mata Gimbiya. In ta shigo wurin cin abinci, sai ya sauka daga benci ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa ya sunkuyar da kai kamar a gaban basarake, sauran su bi shi.

"Ku yi shiru, Gimbiya za ta ci rogo."

"A kawo mafici, kada zufa ta taɓa ƙanwar Kofur."

Matan ma suka juya mata baya. Su biyar ɗin ana sa su birgima a taɓo, ana zuba musu kayansu a ƙasa, suna jin maza na cewa mata ba za su iya ba, ga ɗaya daga cikinsu an ɗora ta a faifai. Wata rana na sa su duka gwale-gwale saboda ɗakinsu bai sharu ba, na ce mutum ɗaya ya tsaya gadin bindigogi, kowa kuma ya san wa nake nufi. Lupe ta ƙi tsayawa, ta bi su ta shiga taɓon. Wata a cikinsu ta ce da ƙarfi, "Ke fita, kada a ce mun ɓata miki kaya." Na ji, na yi kamar ban ji ba.

A mako na biyar, da tsakar rana, ina zaune bayan ɗakin makamai ina goge bindiga, sai na ga inuwa a gabana. Na ɗaga kai, na yi zumbur na miƙe. Ba mu taɓa tsayawa mu biyu kaɗai ba tun tana 'yar shekara shida.

"Kofur," ta ce, ta ƙame.

"Akwai... Baba lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ni ce ba lafiya. Kashe ni kake yi a nan."

Na tsaya ina kallon takalmina.

"Gobe za a raba mu bibbiyu don ɗaukar wanda ya ji rauni. Babu wanda zai ɗauke ni, babu wanda zai yarda in ɗauke shi. Sun ce in suka taɓa ni za ka ci su ɗanye. Ko na zo ta ɗaya a gudu, cewa suke kai ka rage mini lokaci. In na gama a haka ban gama komai ba, Kelepi."

Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinta tun muna yara.

"To me kike so in yi?"

"Abin da kake yi wa kowa. Na ji labarinka tun a gida, an ce bakinka yana kankare fentin mota. Ina bakin ya tafi?"

"Kin san ba zai yiwu ba."

"Ni ce gaba da kai ko ba ni ba?"

"Ke ce."

"To na umarce ka."

Ta sara mini, ta juya kamar yadda na koya musu, ta tafi. Na daɗe a tsaye da tsumma a hannu.

Kwana uku ban iya ba. Sau biyu ina tsayawa gabanta in buɗe baki, sai in wuce. Ranar Juma'a muka je filin harbi, karo na farko da za su harba harsashi na gaske. Na faɗa musu ya fi sau ashirin: in bindiga ta cije, ka ɗaga hannu, bakinta na kallon gaba, kada ka juyo. Suka kwanta su shida-shida. A zagaye na uku bindigar Lupe ta cije. Ta ja, ta sake ja, sai ta tashi a kan gwiwa ta juyo tana nemana, bindigar ta juyo tare da ita, bakinta ya bi ta kan mutum biyar da ke kwance, yatsanta yana kan kunama.

Ban san lokacin da na isa ba. Na doke bakin bindigar ya kalli ƙasa, na fizge ta, na damƙi wuyan rigarta na ɗaga ta tsaye, na buga hular kwanonta da tafin hannu har ta rufe mata ido. Sannan bakin ya dawo. Duk abin da na haɗiye mako biyar ya fito. Na kira ta da sunayen da nake kiran maza, na ƙara da waɗanda suka shafi jikinta na mace. Ba zan maimaita su ba, ban taɓa maimaita su ba. Ina so in ce don ta roƙe ni na yi, amma gaskiya a lokacin ban tuna da roƙonta ba. Tsoro ne ya kama ni, kuma na manta ko wace ce a hannuna.

Da na yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar teku can bayan tudun yashi. Wasu daga cikin mazan sun rufe fuska da hannu. Saje Maka, wanda ya shekara ashirin yana jin ashar, ya cire hularsa yana kallon cikinta.

Lupe ta gyara hular kwanonta. Muryarta ta fito sarai.

"Na yi kuskure, Kofur."

"Rarrafe! Daga nan har tuta, bindiga a kan hannu, sau biyar!"

Ta kwanta ta fara. Duwatsun murjani ne a wurin, suna yanka kamar kwalba. A zagaye na huɗu gwiwar hannunta duk jini. Da ta gama ta zauna a gefe tana haki, ba wanda ya motsa, sai Siale ya tashi ya je ya miƙa mata gorar ruwansa.

"Sha, 'yar'uwa. Ni da ya zage ni haka ai da na yi fitsari a wando." Ya waiwayi sauran. "Kai, ashe Kofur ajiya yake yi mana. Wannan na ƙarshen ban taɓa jin irinsa ba, wa ya riƙe shi?"

Aka fashe da dariya, har da ita, hawaye na zuba. Ɗaya daga cikin matan ta yage hankicinta ta ɗaure mata hannu. Daga ranar sunan Gimbiya ya mutu. Mako na gaba na ga ta saɓa Siale a kafaɗa tana gudu da shi, ƙafafunsa na jan ƙasa, yana ihu wai a gaya wa uwarsa ya mutu a hannun jaruma.

Jirgin ruwan Ha'apai sau ɗaya yake tafiya a mako, amma labari bai jira shi ba. Kullum ƙarshen wata ina aika wa Baba kwali, naman gwangwani da sukari da ganyen shayi, tun da mahaifiyarmu ta rasu. Wannan karon kwalin ya dawo da igiyar da na ɗaure shi, ko kwancewa ba a yi ba. Matuƙin da ya kawo mini ya ajiye shi a ƙasa ya juya.

Na kira Gwaggo Fusi, yayar Baba, wadda maganarta ce ƙarshe a danginmu.

"An ce ka taɓa kanta," ta ce.

"Hular kwano ce, Gwaggo."

"An ce ka ambaci abin da ba a ambata, a gaban mutum arba'in. A coci ranar Lahadi ubanka bai tashi ya yi karatu ba, shekara talatin ke nan bai taɓa fashi ba. Daga majalisar da dattawa ke shan jiƙon kava ma ya ɗauke ƙafa."

"Da ta harbe mutum fa?"

"Sai ka ƙwace bindigar ka yi shiru. Hannu ne ya ƙwace ta ko baki?"



Lupe ma ta kira Baba ranar da aka ba su damar waya. Ta gaya masa ita ta nema, ita ta yi laifi, kuma yanzu ne take jin daɗin wurin. Ta zo ta same ni bayan fareti, idonta ja.

"Me ya ce?"

"Ya ce ni ina da ikon in nema. Kai ne ba ka da ikon ka bayar."

Ta zo ta uku a cikin mutum talatin da shida da suka kai ƙarshe. Ranar bikin yaye iyaye suka cika rumfa da tabarmin ado ɗaure a ƙugu irin na al'adarmu da furanni a hannu. Na yi ta duba sahun kujeru ina ba da umarni. Gwaggo Fusi ta zo, ta rataya wa Lupe furanni har suka kai mata haɓa. Baba bai zo ba.

Na ɗauki hutu na bi jirgi. Na sayi alade babba da saiwar kava, na tsinko ganyen itacen ifi na rataya a wuya kamar yadda mai neman gafara yake yi, na je na zauna a ƙasa a gaban gidanmu tun da hantsi, kaina a sunkuye. Maƙwabta suna wucewa suna rage murya. Rana ta take, zufa na shiga mini ido, aladen yana ta kuka a ɗaure. Ina jin muryar Lupe, wadda ta riga ni isowa, a ciki tana magana, tana ƙara magana, ba a amsa mata.

Sai da rana ta karkata Gwaggo Fusi ta fito. Ta tsaya a kaina, ta cire ganyen daga wuyana da hannunta.

"Mun karɓa. Tashi, ɗana."

A al'ada magana ta ƙare ke nan. Amma ban tashi ba, ina jiran Baba. Can sai ga shi ya fito da adda a hannu da tsohuwar hularsa ta gona. Ya rame. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai kalle ni ba, ya kalli yayarsa.

"Ki ce da sojan nan ya matsa, ya tare hanya."

Na matsa. Ya wuce ta gefena har gefen zanensa ya taɓa kafaɗata, ya bi hanyar gona.

Na koma bariki na nemi a cire ni daga horar da kurata, aka mai da ni wurin motoci. Saje Maka ya yi ta faɗa, ya ce rukunin da na yaye ya fi kowane kyau, ya ce matan da suka zo bayansu ba wanda ya sake yi musu kallon banza. Gaskiya ya faɗa. Amma ni in na tsaya gaban sahu yanzu, ba na iya ɗaga murya. Kowace Kirsimeti ina zuwa gida. Ina kwana a bukkar samari, ina gyara rufi, ina nome gona. Baba yana cin doyar da na haƙa in Gwaggo ce ta kawo masa. In muka haɗu a hanya sai ya duba wani wuri. Aka yi shekara biyu a haka.

Ciwo ya kwantar da Baba ina wasu tsibirai can arewa, muna kai kwanon rufi bayan guguwa. Lupe ta samu ta isa kwana biyu kafin ya cika. Ni sai da aka yi masa wanka na iso. Na ɗaura tsohuwar tabarma yagaggiya tun daga ƙirji har ƙasa kamar yadda muke yi a makoki, na zauna wurin murhu tare da masu dafa wa baƙi abinci. Na ɗauki gawarsa tare da maza biyar. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Bayan kwana goma muka hau jirgi ni da ita, duka da baƙaƙen kaya. Na sami benci a baya wurin igiyoyi na zauna. Jim kaɗan ta zo ta zauna a kan bencin, kusa da ni. Na yunƙura zan tashi.

"Zauna, don Allah. Wa ya rage da zai gani?"

Na zauna. Jirgin ya yi ta tafiya har tsibirinmu ya zama ɗan baƙin layi.

"Da na sani da ban zo bayan ɗakin makaman nan ba," ta ce.

"Ko ba ki zo ba da na yi. Bindigar ce."

"Ban sani ba. Kullum ina tunani."

"Kina son aikin?"

"Ina so. Shi ne abin da ya fi damuna. Ina son shi sosai." Ta share hanci da bayan hannu. "An ce za a tura ni kwas ɗin masu horarwa baɗi."

"Za ki iya. Sai dai ki nemi zagi naki na kanki."

Ta yi 'yar dariya, ta tsaya. Ta juya tana kallon ruwan da jirgin yake barowa a baya.

"Ya yi maganarka, ka sani. Ranar da na iso. Ya ce, yaron nan yana can cikin ruwan sama, ko ya tafi da rigar sanyi? Ya ce tun yana ƙarami ƙirjinsa ba ya son sanyi."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Na sunkuyar da kai na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari. Ba ta taɓa ni ba, ta dai zauna har na gama.

Bayan wata huɗu Gwaggo Fusi ta zo babban tsibiri ganin likitan ido, na je na ɗauko ta daga tasha. A mota take ba ni labarin kwanakinsa na ƙarshe, yadda ta riƙa ɗiga masa ruwan kwakwa da cokali. Ta ce abin da ya fi ba ta tausayi shi ne harshensa da ya riƙe. Mako guda cur kafin ya rasu bai iya furta ko kalma ɗaya ba, har Lupe ta iso ta yi ta kiransa, ido kawai yake bin ta da shi.

Na ce, "Allah sarki," na ci gaba da tuƙi. Na kai ta asibiti, na jira ta a waje, na mai da ta masaukinta.

Lupe saje ce yanzu, ta wuce ni. Takan zo gidana ranar Lahadi bayan coci ta ci abinci da yarana. Ban taɓa gaya mata abin da Gwaggo ta faɗa ba.